Horon Ɗalibi Bahaushe a Kan Turanci Mai Zurfi Domin Jarrabawa

1. Mafari

Babu wata jarrabawa da ta ke tare wa ɗan makaranta hanya a Nijeriya kamar ta Turanci. Yaro ya iya cin lissafi da kimiyya da tarihi, amma muddin bai sami matsayin nan da a ke kira kiredit a Turanci ba, watau daga C6 zuwa sama, to, ƙofar jami'a a rufe ta ke gare shi sai ya sake zama. Har wa yau kuma hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978 domin shirya jarrabawar shiga jami'a, ta wajabta takardar Turanci a kan kowane mai nema, ko likita ya ke so ya zama ko malamin Hausa. Saboda haka shirin wannan jarrabawa ba ƙaramin al'amari ba ne ga iyaye da malamai.

Abin da aka fi sabawa da shi a makarantu shi ne, in jarrabawa ta ƙarato a tara tambayoyin shekarun baya, a bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi ya haddace amsoshi. Wannan yana da amfaninsa, gama yana saba wa yaro da fasalin takarda. Sai dai ba ya warkad da ciwon, domin tambaya takan sake kowace shekara, kuskuren kuwa yana nan inda ya ke. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa yawancin kurakuran ɗalibi Bahaushe suna da mazauni sananne, watau wuraren da ginin Hausa ya saɓa da na Turanci, kuma malamin da ya san nahawun Hausa yana iya hango su tun kafin yaro ya ɗora alƙalami a kan takarda.

2. Asalin Jarrabawar da Fasalinta

A zamanin mulkin Turawa, daga Ingila a ke aiko da takardun jarrabawa, musamman daga Jami'ar Kambirij da ta Landan. Cikin 1950 Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya ba da rahoto cewa ya kamata Afirka ta Yamma ta sami hukumar kanta. A kan wannan ne aka kafa hukumar WAEC cikin 1952, da ƙasashe huɗu: Nijeriya, da Gana wadda a lokacin a ke kira Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya. Laberiya ta shigo cikin 1974. Babban ofishinta yana Ankara, babban birnin Gana. Ke nan ɗan Hausawan zango a Kumasi da ɗan Kano hukuma ɗaya ce ta ke auna su. Daga baya Nijeriya ta kafa tata hukumar, NECO, cikin 1999, mai mazauni a Minna, fasalin takardarta kuwa bai yi nisa da na WAEC ba.

Bisa ga manhajar WAEC, Turanci ya kasu takarda uku. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa a kan kalmomi da ginin jimla, cikin sa'a ɗaya, maki 40. Ta biyu sa'a biyu ce, maki 100: insha'i na kalma 450 mai maki 50, da auna fahimta mai maki 20, da taƙaitawa mai maki 30. Ta uku, ga ɗaliban Nijeriya, tambayoyi 60 ne a kan furuci, cikin minti 45, maki 30. Wanda ya dubi wannan rabo zai ga cewa fiye da rabin makin yana wurin da ɗalibi zai gina jimla da kansa, inda hadda ba ta da ikon ceto.

3. Gwama Harsuna Biyu

Ra'ayin cewa a gwama harshen uwa da harshen da a ke koyo domin a gane wuraren wahala ba sabo ba ne. Robert Lado, wani masani na Amurka, ya shimfiɗa shi cikin littafinsa na 1957. A Nijeriya kuma, cikin 1969, Elizabeth Dunstan ta shirya littafi a kan sautukan harsunan ƙasar guda goma sha biyu, har da Hausa, domin amfanin malaman Turanci. Munzali Jibril ya yi bincike mai zurfi cikin 1982 a kan yadda furucin Turanci ya bambanta tsakanin jama'ar Nijeriya, ya nuna cewa Turancin Bahaushe yana da nasa kamanni dabam da na mutanen Kudu.

Amma lalle a yi hattara kada a ɗora wa Hausa kowane laifi. S. Pit Corder ya nuna cikin 1967 cewa kuskuren mai koyo sau da yawa alama ce ta ƙa'idar da ya gina wa kansa a tsakiyar hanya. Yaron da ya rubuta "goed" maimakon "went" ba daga Hausa ya ɗauko ba. Ƙa'idar Turanci ce ya miƙa ta har ta wuce iyakarta, kuma 'ya'yan Turawa ma sukan yi haka. Aikin malami shi ne ya rarrabe iri biyun nan, gama maganinsu ba ɗaya ba ne. Na biyun yakan gushe da yawan karatu. Na farkon kuwa yana da saiwa, ba ya fita sai an nuna wa ɗalibi inda ya tsiro.

4. Furuci

Hausa tana da wasali biyar, kowane da gajere da dogo, kamar yadda a ke ji a "gari" na mutane da "gari" na tuwo, sa'an nan ga tagwaye biyu, "ai" da "au". Turancin Ingila da a ke koyarwa yana da wasali 20, goma sha biyu tilo, takwas tagwaye. Tilas ne kunnen Bahaushe ya cusa wasulan Turanci da yawa cikin gurbi ɗaya. Kalmomin nan huɗu, "cat" da "cut" da "cart" da "curt", wasali huɗu ne dabam-dabam ga Bature, amma ga ɗalibi Bahaushe duk sukan faɗa cikin "a", ko gajere ko dogo. Duk da haka yana da wata fa'ida, domin tun yana goye ya saba da bambancin dogo da gajere, don haka "ship" da "sheep" ba su cika ba shi wahala ba.

Wajen baƙaƙe kuwa, kalmomin aro sun isa shaida. Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", shi ya sa aka sami fam da fenti da fasinja. Ba ta da "v", shi ya sa aka sami direba da bawul. Sautukan nan biyu da a ke rubutawa "th", Bahaushe yakan mai da su "s" da "z", alhali mutanen Kudu sukan mai da su "t" da "d". Daɗin daɗawa, gaɓar Hausa ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkonta ko a ƙarshenta ba, sai a saƙa wasali tsakani, kamar a burodi da buroshi da sukurudireba. Turanci kuwa yana tara baƙi uku a farkon gaɓa, kamar a "strong", har huɗu a ƙarshe, kamar a "texts".

Abin lura a nan shi ne, takarda ta uku a rubuce a ke yin ta. Ba a jin muryar kowa. Ɗalibi zai duba kalmomi ne ya zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da na wata. Rubutun boko na Hausa kuwa ya koya masa ya amince da harafi, abin da ya gani shi zai furta. Wannan amana ita ke kā da shi a Turanci, inda haruffan "ough" su ke da furuci biyar a "though" da "through" da "cough" da "rough" da "bough", inda kuma a ke rubuta "b" a "debt" da "t" a "listen" ba a furta su. Maganin wannan shi ne a koya wa ɗalibi alamomin sauti da ke cikin ƙamus, ya riƙa duba su duk sa'ad da ya nemi ma'anar kalma, ya kuma furta ta da ƙarfi har kunnensa ya riƙe.

Saura batun danna gaɓa. Hausa da karin sauti ta ke aiki, hawa da saukar murya, wanda shi ne ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Turanci kuwa gaɓa ɗaya ya ke dannawa ya raunana sauran, har kalma ɗaya kamar "record" ta zama suna in an danna gaɓar farko, aikatau in an danna ta biyu. Akwai kuma sashen da a ke danna kalma guda cikin jimla domin ƙarfafawa, a tambayi ɗalibi wace tambaya ce jimlar ta ke amsawa. Wannan yakan ruɗa yara, alhali kuwa Hausa tana da shi ta wata hanya. Bahaushe yakan ce "Audu ne ya sayi doki" in an yi musun mai saye, ya ce "doki ne Audu ya saya" in an yi musun abin da aka saya. Abin da "ne" da "ce" su ke yi ta wurin jawo kalma gaba, shi Bature ya ke yi da nauyin murya ba tare da ya gusad da kalmar ba. In an bayyana wa aji haka sau ɗaya, sashen nan ya zama mai sauƙi.

5. Ginin Jimla

A Hausa lokaci ba a jikin aikatau ya ke ba, yana jikin ɗan wakilin sunan da ke gabansa: ya zo, yana zuwa, zai zo, yakan zo. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, da ya ke ba a cewa "Audu zo" sai "Audu ya zo", ɗalibi yakan rubuta "Audu he came". Na biyu, "ya zo" ɗaya ta ƙunshi abin da Turanci ya raba uku, "came" da "has come" da "had come". Haddar jadawalin aikatau ba ta koya wa yaro lokacin da zai ɗauki wannan ya bar wancan. Abin da ya fi shi ne a ba shi jimloli biyu na Hausa ya juya: "Da muka isa tasha sai mota ta tashi", da "Kafin mu isa tasha mota ta riga ta tashi". Zai ga da kansa cewa bambancin "left" da "had left" yana nan cikin harshensa, kalmar "riga" ce ta ɗauke shi. Haka nan jimlar sharaɗi: "In ya yi karatu zai ci" da "Da ya yi karatu da ya ci" sun yi daidai da iri biyu na sharaɗin Turanci da a ke yawan tambaya a takarda ta farko.

Akwai waɗansu wurare da ya kamata kowane malami ya san su kamar yunwar cikinsa:

Jinsi. Kowane suna na Hausa namiji ne ko mace, mota ta lalace, jirgi ya tashi. Ɗalibi yakan kira mota "she", ya manta da "it".

Jam'i. Hausa tana da shawarwari da bayanai da kayayyaki, Turanci kuwa bai yarda da "advices" da "informations" da "equipments" ba.

Ƙananan kalmomin nan "a" da "the". Hausa tana da yaro, da wani yaro, da yaron, amma suna yana iya tsayawa shi kaɗai. Turanci ba ya barin tilon suna mai ƙirguwa ya tsaya tsirara.

Maimaita wakilin suna. "Wuƙar da na yanka nama da ita" Hausa ce tsantsa, amma in aka bar "with it" a ƙarshen jimlar Turanci bayan "which", an yi kuskure.

Tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka gan shi ba?" yakan amsa "I, ban gan shi ba", yana gaskata mai tambaya. Bature "no" zai ce, domin shi abin da ya faru ya ke dubawa.

Kalma mai faɗi. "Ji" ta ƙunshi jin magana da jin wari da jin zafi da jin harshe, Turanci kuwa kowanne da kalmarsa. Haka "sha" ta ruwa da ta magani da ta taba. Haka "aro", wanda Turanci ya raba "borrow" ga mai karɓa da "lend" ga mai bayarwa.

Duk waɗannan ba su buƙatar dogon bayani. Abin da su ke so shi ne gajeren aiki mai yawan maimaituwa, jimla biyar ko goma kowace rana, a juya daga Hausa zuwa Turanci, a gyara nan take.

6. Insha'i, Fahimta da Taƙaitawa

Masu duba insha'i sukan raba makinsa 50 kashi huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga kyawun bayani, 10 ga tsabtar rubutu, watau nahawu da ƙa'idar haruffa da alamomin tsayawa. A kashi na ƙarshe rabin maki a ke cirewa a kan kowane kuskure, ke nan kuskure 20 cikin kalma 450 ya cinye shi duka. Wanda ya haɗa wannan lissafi da jerin da aka kawo a sama zai gane dalilin da ya sa yaro mai kaifin tunani ya ke faɗuwa.

Ban da nahawu akwai al'adar zance. Labarin Hausa yakan gudana da "sai" da "kuma" da "sa'an nan", aiki yana bin aiki, kuma daɗinsa ke nan. In an kwashe shi haka zuwa Turanci sai a sami jimla ɗaya mai cin rabin shafi, ba aya sai waƙafi. Ya kamata a riƙa ba ɗalibi gajerun jimloli uku ko huɗu ya ɗinke su zuwa ɗaya da kalmomi irin su "although" da "because" da "which", a kuma ba shi doguwa ya warware ta. Wasiƙa ma haka. Ladabin Hausa ya hana a faɗa wa babba buƙata ba tare da gaisuwa da tambayar iyali ba, amma wasiƙar ofis ta Turanci tana farawa da buƙatar ne kai tsaye. Kyautuwa ya yi a gaya wa yaro a fili cewa wannan bambancin al'ada ne, don kada ya ɗauka ana koya masa rashin kunya.

A sashen fahimta akan nemi ɗalibi ya kawo kalmar da za ta maye gurbin wata cikin jimla, ya kuma faɗi sunan wani yanki na jimla a nahawu da aikin da ya ke yi. Sharaɗin na farkon shi ne kalmar da ya kawo ta zauna daram a gurbin, jam'i a madadin jam'i, shuɗaɗɗe a madadin shuɗaɗɗe. Na biyun kuwa yakan yi sauƙi ƙwarai ga wanda ya taɓa feɗe jimlar Hausa ya san suna da sifa da bayanau.

Taƙaitawa ita ce gwaji mafi tsanani, domin ana so amsa ta zo cikin cikakkun jimloli, da kalmomin ɗalibi, ba tare da misalai ko ƙarin da ba a nema ba. Wanda ya kwafo jimlolin marubuci yakan yi hasarar maki. Wahala biyu ce a haɗe a nan: gane jigon magana, da faɗarsa da Turanci. Hikima ita ce a raba su. A fara ba ɗalibi labari guda daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko sharhin jarida na Hausa, ya taƙaita shi cikin jimla uku na Hausa. In ya iya tsame tsaba daga ƙaiƙayi cikin harshensa, sa'an nan a ba shi nassin Turanci ya faɗi jigonsa da Hausa da baki, daga bisani ya rufe littafin ya rubuta da Turanci. Wanda ya bi ta Hausa ya dawo ba shi da hanyar kwafe, gama kalmomin marubucin sun riga sun zube a hanya.

7. Tsarin Horo

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farkon lokaci, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri ɗaya. Cikin 2006 Roediger da Karpicke na Amurka suka nuna cewa wanda ya rufe littafi ya gwada tunowa ya fi riƙewa bisa ga wanda ya yi ta sake karantawa. Masu karatun allo sun daɗe da sanin wannan, domin ba a wanke allo sai an bayar da hadda, kuma ba a barin tilawar baya. Darasin a nan shi ne, shirin watanni biyu na ƙarshe ba ya maye gurbin aikin shekara uku.

Abubuwa huɗu sun isa su zama ginshiƙi. Na ɗaya, kowane ɗalibi ya riƙe littafin kurakuransa, shafi ɗaya ga kowane iri, ya rubuta jimlar da ya ɓata da gyararta da dalili. Bayan wata guda shi da kansa zai ga inda ya fi tuntuɓe. Na biyu, shifta sau biyu ko uku a mako, domin ita kaɗai ke haɗa kunne da haruffa da alamomin tsayawa cikin aiki ɗaya. Na uku, insha'i guda kowane mako cikin minti 50 daidai, a gyara, ɗalibi ya sake rubuta shi, gama gyaran da ba a sake rubutawa ba jan tawada ne kawai. Na huɗu, karatun nishaɗi mai yawa, littafi bayan littafi, domin karin maganar Turanci da ƙananan kalmomin da ke bin aikatau, irin su "put off" da "put up with", ba su da ƙa'idar da za a koyar, sai sabo. Tambayoyin shekarun baya suna da gurbinsu a ƙarshe, a yi su da agogo, domin auna abin da aka riga aka gina.

Akwai tambayar da manyan ɗalibai su kan yi: wane Turanci ne daidai? Cikin Janairu 2020 babban ƙamus na Okasfod ya shigad da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da "Kannywood" da "okada". Wannan ya tabbatar cewa Turancin ƙasar yana da matsayinsa wajen masana. Amma shigar kalma ƙamus dabam, ginin jimla dabam, kuma mai duba takarda da daidaitaccen nahawu ya ke aiki. Wajibi ne ɗalibi ya san duka biyu, ya kuma san wurin kowanne.

8. Abin da Ya Rataya a Wuyan Kwalejojin Horon Malamai

A makarantu da yawa akan hana yara magana da Hausa, har a ci su tara, da nufin Turancinsu ya ƙarfafa. Yawan amfani da Turanci abu ne mai kyau. Amma duk abin da aka zayyana a sama ya nuna cewa Hausa ba ta fita daga kan yaro don an hana bakinsa. Tana nan tana tsara masa jimla a ɓoye. Gara a fito da ita fili a ajiye ta kusa da Turanci, a nuna masa inda suka yi daidai da inda suka rabu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Saboda haka ya kamata sashen Hausa da sashen Turanci a kwalejoji su daina zama kamar maƙwabtan da ba su gaisawa. Malamin Turanci da za a aika ƙasar Hausa, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, yana buƙatar darasi a kan sautukan Hausa da nahawunta. Malamin Hausa kuma ya sani cewa sa'ad da ya ke koya wa yara rarrabe suna da aikatau, ko taƙaita labari, yana share wa abokin aikinsa fage ne. Aikin da ya rage ga masu bincike shi ne su tattara rubutun ɗalibai na ainihi daga Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya da Bauci, su ƙirga kurakuran iri-iri, su ga ko bambancin karin harshe yana sauya su, domin a sami littafin horo da aka gina a kan abin da yara su ke rubutawa da hannunsu.